Yadda ake bin sawun mutum ta takardun meri da na kotu a arewacin Kamaru

Gado ya tsaya cak saboda ɗaya daga cikin magada ya shekara goma ba a ji ɗuriyarsa ba. Ko wanda ya karɓi kayanka bashi a babbar kasuwar Garwa ya rufe shago, lambarsa ta daina shiga. Ko yaro ya tafi ci-rani Kusiri, aka ce an ga jandarmomi sun sa shi a mota, daga nan shiru. Irin waɗannan ne ke kai mutanenmu ƙofar meri, wato ofishin magajin gari, da ta kotu, kuma da yawa suna zuwa ne da zaton akwai wani ofishi da za a faɗi suna, a danna kwamfuta, a fito da gidan da mutum yake kwana. Babu wannan ofishin. Bayanan katin ɗan ƙasa suna hannun 'yan sanda, ba a buɗe wa jama'a su, kuma kamfanonin waya ba sa ba da bayanin mai layi sai da umarnin hukumar shari'a.

Abin da takardar hukuma take bayarwa ya fi haka ƙanƙanta, amma yana kai mutum nesa. Tana gaya maka cewa a rana kaza, wane yana zaune a gari kaza, sana'arsa kaza, kuma ga sunayen waɗanda suka tsaya masa shaida. Yawancin unguwanninmu ba su da lambar gida, don haka da wuya ka ga abin da ya wuce sunan gari da na unguwa. Aikin shi ne ka fara daga tsohuwar takarda, ka bi ta zuwa wadda ta fi ta sabunta, har ka iso kusa da yau.

Magana ɗaya kafin a shiga. Idan wanda kake nema da gangan ya nisance ka, kamar matar da ta gudu daga duka ko wanda ya kai ƙararka, to wannan jagorar ba taka ba ce. In kana da haƙƙi a kansa, ka shigar da ƙara, kotu ta kira shi da kanta. Ma'aikacin da ya hana ka adireshin irin wannan mutumin aikinsa ya yi.

Abin da za ka haɗa tun daga gida

Ka samu farar takarda guda ka rubuta komai a kai, domin a kowane ofishi tambayoyin ɗaya ne: sunansa, sunan uba, sunan uwa, garin haihuwa, shekarar haihuwa, sana'a, da gari na ƙarshe da aka tabbatar ya zauna. Sunan uwa ne mutane suka fi mantawa, alhali shi ne yake raba gardama. A rajistar shekara guda ta Marwa za ka iya samun Hamadou Bouba da yawa, amma da wuya biyu su haɗa uwa.

Sai rubutun suna. Takardun wannan yanki da Faransanci ake cika su, kuma magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Usman zai iya fitowa Ousmane, Ousmanou ko Ousman. Abubakar ya zama Aboubakar, Boubakary, Bouba, a tsallaken Logon kuma Abakar. Muhammadu ya zama Mohamadou, Mahamadou ko Mahamat. A'isha ta zama Aïssatou ko Aïchatou, Zainabu ta zama Djeinabou ko Zénabou, Jibrin ya zama Djibrilla. Ka rubuta duk siffofin da sunan zai iya ɗauka. Ka kuma tuna cewa sunan da ake kiran mutum da shi a gida, Ɗanlami ko Tanko ko Ladi, wataƙila bai taɓa hawa takarda ba. Ka tambayi tsofaffin gida sunan yanka.

Ka binciki akwatin uwarsa da jakar takardun mahaifinsa. Tsohon kwafin katin ɗan ƙasa, katin makaranta, littafin asibiti, rasiɗin haya, sammacin da aka taɓa kawowa gida aka jefa ƙarƙashin katifa, kowanne yana ɗauke da lamba da hatimin wani ofishi. Lambar takardar haihuwa da sunan cibiyar da ta bayar da ita sun fi komai daraja. Wanda yake da su zai gama cikin yini abin da wani zai yi mako yana nema.

Kai ma sai ka tabbatar da kanka: katinka na ɗan ƙasa ko rasiɗinsa, da abin da ke nuna alaƙarka da mutumin, wato takardar haihuwarka mai sunan uba ɗaya, takardar aure, ko takardar bashin da ya sa wa hannu. Buƙatarka a rubuce za ta shiga, da Faransanci, da tambur, wato kan sarki, a manne. Tambur ɗin gwamnati sefa 1,500 ne tun daga 2023, meri kuma tana da nata tambur daban. Masu rubuta wa mutane wasiƙa suna zaune a bakin kusan kowace kotu da meri, sun san tsarin. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan. Wanda ya miƙa takarda bai karɓi wannan hatimin ba, ranar da ya dawo aka ce ba a ga takardarsa ba, ba shi da bakin magana. Ofisoshin gwamnati suna aiki Litinin zuwa Juma'a, daga bakwai da rabi na safe zuwa uku da rabi na rana; ka je da sassafe, ranar Juma'a kuma kada ka dogara da bayan masallaci.

Meri: haihuwa, aure, mutuwa

Dokar da ta tafiyar da rajistar haihuwa da aure da mutuwa har zuwa ƙarshen 2024 ita ce ta 29 ga Yuni 1981, wadda aka yi wa gyara a 2011, kuma yawancin takardun da za ka nema a ƙarƙashinta aka yi su. Akwai manyan cibiyoyi a cikin meri, akwai ƙananan cibiyoyi a ƙauyuka da unguwanni. Rajistar ba kwafi ɗaya ba ce: ɗaya yana zama a meri, ɗaya ana ajiye shi a ofishin magatakardan kotun yankin, gyaran 2011 kuma ya ƙara na uku don BUNEC, hukumar ƙasa mai kula da wannan rajistar. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin idan gara ta cinye littafin meri, ko ruwa ya jiƙa shi, ba a nan magana ta ƙare ba, sai ka nufi kotu ka tambayi nasu kwafin. A Garwa da Marwa da Gaundare akwai wani abin lura: a 2007 aka raba kowanne gida uku, don haka littattafan da suka girmi wannan rabon ka fara tambayarsu a babbar meri ta gari kafin ka zagaya ta ɗaya da ta biyu da ta uku.

Littattafan a jere suke bisa shekara da lamba, ba bisa haruffan suna ba. A nan ne mafi yawan masu nema suke ɓata lokaci. Mutum ya san an haifi ɗan'uwansa a 1978, sai ya sa a buɗe masa littafin 1978 shafi-shafi, ba a samu komai ba, ya koma gida ya ce babu. Alhali ba a yi wa yaron rajista lokacin haihuwa ba; sai da zai zauna jarrabawar gama firamare aka je kotu aka yi hukuncin da ake kira jugement supplétif, aka rubuta takardar a littafin 1990 ko 1991. Duk takardar da ka ga an rubuta "né vers" a kanta, wato an haife shi wajajen shekara kaza, kusan tabbas ta wannan hanyar ta fito. To ka ƙara shekara goma sha ɗaya zuwa goma sha huɗu a kan shekarar haihuwa ka sa a duba nan. Akwai kuma waɗanda suka sake yin wani hukuncin daga baya don rage shekaru saboda makaranta ko aiki, har da ɗan canjin suna. In kana zargin haka, sunan uwa da garin haihuwa za ka riƙe.

Idan an samu, ka roƙi a nuna maka asalin shafin, ko a ba ka cikakken kwafi, domin abin da kake nema yana gefen shafin ne. Doka ta ce idan mutum ya yi aure a meri, ko ya mutu aka kai rahoto, a rubuta haka a gefen takardar haihuwarsa. Kafin ɗaurin auren meri ma ana manna sanarwa wata guda, a aika kwafinta garin da aka haifi ango da amarya. Saboda haka mutumin Gidar da ya yi auren meri a Duwala zai iya barin sawu a Gidar. Sai dai gaskiyar magana, galibin aurenmu a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaura shi, ba ya zuwa meri, kuma ko an yi a meri ba kullum sanarwar take isowa ba. Gefen shafi da babu rubutu ba ya nufin mutum bai yi aure ba, ba ya kuma nufin yana raye.

Dabarar da ta fi wannan ita ce neman takardun 'ya'yansa. Takardar haihuwarsa tana ba da labarin iyayensa ne shekara arba'in baya, ta ɗansa kuwa tana faɗin inda uban yake zaune da sana'arsa a ranar da aka rubuta ta. Idan ka san sunan ɗa ɗaya da garin da aka haife shi, ka matso kusa da yau da shekaru masu yawa.

Batun mutuwa kuwa, mu kan binne mamaci a ranar, kuma ba kowa ke komawa meri ya karɓi takardar mutuwa ba sai in akwai fansho ko kuɗi a banki. Idan meri ba ta da komai, ka duba littafin ɗakin ajiye gawa na asibitin garin, ka tambayi limamin unguwa da masu kula da maƙabarta. Baƙon da ya rasu aka rasa danginsa, su ne suka yi masa sutura, kuma ba sa mantawa.

Kotu: wace ƙofa, wane littafi

Kada ka je neman alƙali. Wurin da takardu suke shi ne ofishin magatakarda, wanda ake kira greffe, ƙarƙashin babban magatakarda, greffier en chef. Shi za ka rubuta wa.

Sai ka san kotun da ta dace. Bisa dokar tsarin kotuna ta 29 ga Disamba 2006, tribunal de première instance tana sauraron ƙananan laifuka da rigimar kuɗin da bai wuce sefa miliyan 10 ba. Tribunal de grande instance, wadda take hedikwatar gunduma, tana riƙe da manyan laifuka, kuɗin da ya haura miliyan 10, da shari'un aure, nasaba da gado na dokar zamani. A garuruwa da dama kotunan biyu a gini ɗaya suke. Akwai kuma tribunal de premier degré, mai yanke hukunci bisa al'ada tare da masu taimaka wa alƙali da suka san al'adar masu shari'a. Ga mutanenmu wannan ta ukun ce ma'adana: yawancin hukuncin gado da na takardar haihuwa daga nan suke fitowa. Ɗaukaka ƙara tana tafiya kotun jiha, a Marwa, Garwa ko Gaundare.

Abu na farko kyauta ne. Jerin shari'un da za a saurara, rôle, ana manna shi a allon kotu, da sunayen masu ƙara da waɗanda ake ƙara. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, sai in alƙali ya rufe shi. Idan ka san mutumin yana da shari'a a gaba, ka duba allon, ka zo ranar ka zauna a benci. Ko bai zo ba lauyansa ko wakilinsa zai tashi ya amsa. Daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba kotuna suna hutu, zama yana raguwa, amma ofishin magatakarda yana buɗe.

Idan tsohuwar shari'a ce, magatakarda yana buƙatar abu uku: shekara, sunayen ɓangarorin biyu, da irin shari'ar. Lambar hukunci in kana da ita ta wadatar. Shafin farko na kowane hukunci yana kawo cikakken sunan mutum, iyayensa, sana'arsa da mazauninsa. Cikin fayil ɗin kuma akwai takardun sammaci, inda mai kai sammaci ya rubuta wurin da ya je da wanda ya tarar, misali ya miƙa wa matarsa a unguwa kaza, ko maƙwabci ya ce ya koma Maiganga. Wannan layi ɗaya ya fi hukuncin kansa amfani ga mai neman mutum. Fayil ba a buɗe wa kowa. Wanda yake cikin shari'ar ko lauyansa ne ke gani. Kwafin hukunci, expédition, shi ma a aikace sai ka nuna abin da ya haɗa ka da maganar, ka biya tambur bisa yawan shafuka, ka karɓi rasiɗi.

Hukunci iri biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko hukuncin gado, jugement d'hérédité. Kafin a yi shi dangi suna zama a rubuta takardar taron iyali, kowa ya sa hannu, a lissafa magada da wanda zai kula da dukiya. Idan mutumin da kake nema ya ci gadon kawunsa ko surukinsa shekara biyar baya, sunansa da garinsa suna ciki, tare da sunayen wasu mutum goma da suka gan shi a lokacin. Na biyu shi ne jugement supplétif na 'ya'yansa. Makaranta ba ta barin yaro ya zauna jarrabawar gama firamare, CEP, ba tare da takardar haihuwa ba, don haka uban da ya shekara goma bai taka ofishin gwamnati ba, idan ɗansa ya kai ajin ƙarshe na firamare dole ya bayyana, shi da shaidu. Sau da yawa a zaman tafi-da-gidanka ake yin waɗannan hukunce-hukuncen, alƙali ya je ƙauye ya yi ɗaruruwa a yini, amma takardun kotun yankin suke komawa. Ka lissafa shekarun 'ya'yansa, za ka san shekarar da za ka sa a duba.

Abin da ba za ka samu ba: takardar tarihin laifi, casier judiciaire, mai ita kaɗai ake ba wa, a kotun garin haihuwarsa. Binciken da ke hannun alƙali mai bincike kuma sirri ne. Wanda ya ce zai fito maka da su ta bayan gida, ko dai zai ci kuɗinka ko ya jefa ka cikin laifi, domin doka tana hukunta mai bayar da cin hanci kamar yadda take hukunta mai karɓa. In an matsa maka sai ka bayar, lambar CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci, ita ce 1517.

Kada ka manta da fada. Rigimar aure, gona da gado da yawa a gaban lamiɗo da alƙalinsa take ƙarewa, ba ta isa kotun gwamnati ba. Ka je ta hannun wani bafade, ka yi gaisuwa yadda ake yi, ka faɗi buƙatarka. Ko ba a rubuta ba, akwai wanda ya halarci zaman.

Idan ana zaton an kama shi

Nan gaggawa ake yi, kuma a jere. Ka fara da ofishin 'yan sanda da birged ɗin jandarma mafi kusa da inda aka gan shi na ƙarshe. Kowanne yana da littafin waɗanda ke tsare. Dokar shari'ar laifuka ta 2005 ta ce tsarewar bincike awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da izinin mai gabatar da ƙara a rubuce, kuma dangi suna da damar ziyara a lokutan aiki. Saboda haka idan mako ya wuce, akwai yiwuwar an riga an miƙa shi. Sai ka je ofishin mai gabatar da ƙara, parquet, a cikin ginin kotu, ka ba da suna da ranar kamu da sunan ofishin da ya kama shi. Daga nan gidan yari. Kowane gidan yari yana da littafin shiga da ake kira registre d'écrou, wanda ke nuna ranar shigowa, kotun da ta aiko shi, da inda aka mayar da shi in an canza masa wuri. Manyan gidajen suna Marwa, Garwa da Gaundare, akwai wasu a Kusiri, Mokolo, Yagwa, Gidar da sauran hedikwatocin gunduma. Ka tafi da hoto, saboda wanda aka kama ba kati, sunan da ya faɗa da baki aka rubuta.

A jihar Arewa Mai Nisa akwai ƙarin ƙofa. Zargin ta'addanci, ƙarƙashin dokar 23 ga Disamba 2014, kotun soja yake zuwa, kuma tsarewar bincike a nan kwana 15 ce da ake iya sabuntawa. Sunan irin wannan mutumin ba zai fito a kotun farar hula ba, sai ka tambaya a kotun soja ta Marwa. Wannan ba aikin da za ka yi kai kaɗai ba ne, ka ɗauki lauya. Shi ne kuma zai iya kai buƙatar sakin wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba gaban shugaban tribunal de grande instance.

Ɗan kasuwa, mai fili, mai katin zaɓe

Rajistar 'yan kasuwa, RCCM, tana ofishin magatakardan kotu, kuma an yi ta ne don jama'a su iya dubawa. Tsarin OHADA ne, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suke bi, don haka iri ɗaya ne a Kamaru da Chadi. Lambar tana kan rasiɗin shago ko hatiminsa: harafin A na mutum ɗaya ne, B na kamfani. Takardar tana nuna mazaunin mai kasuwancin da wurin shagon. Matsalarta ita ce mutane ba sa komawa su gyara in sun tashi, kuma ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su da ita sam. Ga waɗannan, jerin masu hayar shaguna da ke ofishin kasuwa ya fi amfani, sannan shugabannin sana'a: sarkin pawa ga mahauci, sarkin tike da dillalai ga mai shanu, 'yan kamasho a tasha ga direba, fatoma ga baƙon ɗan kasuwa.

Idan yana da fili mai takardar mallaka, titre foncier, ofishin rajistar filaye na gundumar, conservation foncière, yana da littafinsa. Da lambar takardar za ka nemi certificat de propriété, ta nuna maka mai filin na yanzu da ko an jinginar da shi. In an sayar, notaire, jami'in da doka ta ɗora wa rubuta irin wannan yarjejeniya, shi ne ya rubuta cinikin, kuma mai sayarwa ya ba da adireshi a ranar. Filin da aka saya da takardar hannu a gaban jauro, wato mai unguwa, ba ya cikin wannan littafin. Wurin jauron za ka koma.

Hukumar zaɓe ta ELECAM tana rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, tana manna jerin wucin gadi a ofisoshinta na ƙananan hukumomi a watan Oktoba. Jerin yana haɗa suna da rumfar zaɓe, rumfar kuma galibi makarantar da ke kusa da gidan mutum ce. Ba zai ba ka gida ba, amma zai rage maka gari ya koma unguwa.

Daga unguwa zuwa ƙofar gida

Da ɗan gari akan ci gari. Dokar sarautun gargajiya ta 1977 ta jera su mataki uku, a nan arewa lamiɗo, lawan, sai jauro ko bulama ko mai unguwa. Na ƙasan nan shi ya san wanda ya tare da wanda ya tashi, kuma ana bi ta wurinsa kafin a sami takardar shaidar zama. Kusan kowane babban gari yana da Sarkin Hausawa, har Birketiri a Yawunde da Nubel a Duwala akwai shugabannin al'umma da baƙo ke sauka ta hannunsu. Ka je da goro, ka zauna, kada ka fara da tambaya a tsaye. Ka ce: "Ranka ya daɗe, ɗan'uwanmu muke nema, mahaifinmu ya rasu, rabonsa na gado yana jiransa." Faɗin dalili a fili shi ke buɗe baki. Wanda ya ɓoye dalili, za a ɗauka ɗan leƙen asiri ne ko mai bin bashi, a ce ba a san mutumin ba alhali yana bayan katanga. Sau da yawa mai unguwa ba zai nuna maka gidan ba, zai ce ka bar lamba a isar masa. Ka yarda da haka.

In maganar bashi ce ko shari'a, kada ka je ƙofar gidan da kanka da zafin rai. Wannan aikin wisiye ne, huissier de justice, wato mai kai sammaci, kuma wanda yake aiki a yankin kotun garin za ka ɗauka, ba na garinku ba. Ku yi tsadar aikin da kuɗin mota tun farko, ka karɓi rasiɗi. Zai iya kai takardar tambaya, sommation interpellative, ga mai gidan haya ko abokin cinikinsa, ya rubuta amsar da suka bayar. In bai same shi ba zai rubuta takardar cewa ya nema bai gani ba, a bar sammacin a meri ko a parquet yadda doka ta tsara, shari'a ta ci gaba a bayan idonsa. Sai dai hukuncin bayan ido yana da rauni, domin ranar da ya bayyana yana iya neman a sake sauraro. Shi ya sa ya fi kyau ka ba wisiye kwatance mai kyau, da sunan masallacin unguwa da lokacin da mutumin yake gida, a miƙa masa hannu da hannu.

Tsallaken iyaka da gudun hijira

Tsakanin Kusiri da Njamena gadar Ngeli ce kawai, mutane suna kwana can su yini nan. Hatimin Kamaru ba ya aiki a can: wisiye da lauya na Chadi za ka nema, ka tafi da siffofin sunan irin na can. Rikicin Logon-Birni na 2021 ya kora dubban mutane zuwa Chadi, aka zaunar da wasu a sansanonin Kalambari da Gilme. Sansanin Minawawo kusa da Mokolo kuma tun 2013 yake karɓar waɗanda suka gudo daga Najeriya. Jerin sunayen sansani ba a nuna wa baƙo. Hanyar ita ce sashen haɗa dangi na Kurwa Ruj, wato ƙungiyar agaji ta Red Cross, a ofishinta na garinku ko na kwamitinta na duniya, ICRC, a Marwa. Kyauta ne. Za ka cika takarda da hoto da bayanin inda aka rabu, su nema, in sun same shi sai sun tambaye shi ko ya yarda a gaya maka inda yake. Sanarwar cigiya a gidan rediyon CRTV na jiha ko rediyon al'umma, da Hausa da Fulatanci, tana kai wa inda takarda ba ta kai. In tafiyar ta hanyar Mora zuwa Kusiri ce, ka guji Agusta da Satumba saboda ruwan damina.

In duk an bi ba a same shi ba

Ka adana kowace amsa, har da ta "ba mu gani ba", a rubuce da hatimi: ta meri, ta magatakarda, ta gidan yari, ta wisiye, rasiɗin rediyo. Su ne hujjarka a mataki na gaba. Dokar farar hula ta ba masu haƙƙi damar neman kotu ta ayyana mutum a matsayin wanda ya ɓata idan an shekara huɗu ba labarinsa, kuma kotu sai ta yi nata binciken kafin ta yanke. A mazhabar Malikiyya ma matar wanda ya ɓace tana kai magana gaban alƙali, a nema, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi idda. A wajen gado kuwa ba a cinye rabonsa. Ana ware shi, a rubuta a takardar taron iyali wanda zai riƙe shi amana da abin da aka ware, ko gona ce ko shanu ko kuɗi, shaidu biyu su sa hannu, a haɗa da buƙatar hukuncin gado a miƙa wa kotu.